Abin da aka gani a tsokar hanjina

Ina ɗan shekara 12 mahaifinmu ya rasu. Ciwon ciki aka ce, iyakar abin da aka faɗa mana ke nan, mu kuma ba mu isa mu ƙara tambaya ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda ya rame har rigunansa suka yi masa yawa, da yadda Inna take kora mu waje duk lokacin da zai zagaya. Da wannan na tashi: ciwon da ya shafi bayan gida ba abin faɗa ba ne, mutum yakan haɗiye shi ya yi shiru.

Ina da shekara 41 na fara ganin jini idan na yi bayan gida. Ba mai yawa ba, kuma ba kullum ba. Duk wanda na ɗan gutsura wa maganar sai ya ce basir ne, wane ne ba shi da basir? Likitan farko da na gani ma haka ya ce, ya rubuta min maganin cusawa ba tare da ya duba ni ba. Jinin yakan ɗauke ya dawo. Daga baya bayan gidan ya sirance, in na tashi sai in ji kamar ban gama ba, in na hau bene sai haki. Uwargida ce ta fara lura da cewa na ƙara huda a bel ɗina. Ba ta yi min doguwar magana ba, ta dai ce, "Baban yara, gobe tare za mu je asibiti, ko ka so ko ka ƙi."

Gwajin jini ya nuna jinina ya yi ƙasa ƙwarai. Likitar da ta karɓi sakamakon ta dube ni ta ce namiji mai shekaruna ba ya rasa jini haka siddan, akwai inda yake zuba, kuma sai an leƙa hanjin an gani. Da ta bayyana min yadda ake leƙawar, cewa wata doguwar roba ce mai kyamara a baki za a zura ta dubura, sai na ji kunya ta rufe ni. Ta yi murmushi ta ce, "Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya." Daren da ya gabaci aikin a bandaki na kwana, saboda ruwan wanke hanji da aka ba ni. Aikin kuwa ban ma san an yi shi ba, barci aka sa ni.

An ga ƙari a ɓangaren hagu na babban hanji, kusa da inda yake lanƙwasawa ya gangara dubura. An yanko 'yar tsoka aka kai ɗakin gwaji, sakamako ya dawo: ciwon daji. A lokacin na ɗauka wata baƙuwar cuta ce ta faɗo kaina ni kaɗai. Ashe ita ce ta uku a yawa cikin cututtukan daji a duniya, kuma ta biyu wajen kisa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 sun nuna mutum sama da miliyan 1.9 ne suka kamu da ita a wannan shekarar kaɗai, fiye da 900,000 suka rasu.

An yi min tiyata aka yanke wurin aka haɗa hanjin. An kuma cire kaluluwar da ke kewaye da shi, aka samu cutar ta shiga wasu daga ciki. Shi ne mataki na 3. A nan na fara koyon cewa babban abin da likita yake dubawa in zai yi hasashen yadda mai wannan ciwo zai kasance shi ne matakin da aka riski cutar: zurfin da ƙarin ya yi a bangon hanji, ko ya kai kaluluwa, ko ya tsallaka wata gaɓa kamar hanta da huhu. A ƙididdigar Amurka, wanda aka kama cutarsa tana nan a hanji kaɗai, kusan 9 cikin 10 suna kaiwa shekara 5 da rai. In ta yi nisa zuwa wasu gaɓɓai, adadin yakan faɗi ƙasa da 2 cikin 10.

Sai kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin cutar daji. Haɗin da ake kira FOLFOX aka ba ni, duk mako biyu, na tsawon rabin shekara. Bayan ƙarin ruwa a asibiti sai a rataya min wata 'yar kwalba in tafi da ita gida, tana ɗiga magani a jijiya na awa 46. Yarana sun saba da ganinta har ƙaramar takan tambaye ni ko kwalbar ta ƙoshi. Ɗaya daga cikin magungunan, oxaliplatin, ba ya shiri da sanyi. In na taɓa makulli ko marfin firji sai yatsuna su ɗauki wani irin zugi har gwiwar hannu, in na kurɓi ruwan sanyi sai maƙogwarona ya shaƙe. Ana cikin zafi ni kuwa ruwan ɗumi nake sha. Har yau tafin ƙafata bai gama dawowa daidai ba, kuma saka maɓallin riga yakan ɗauke ni lokaci.

Na gama, na koma aiki, gashina da ya yi shara-shara ya cika. Duk bayan 'yan watanni a ɗibi jinina a auna wani sinadari da ake kira CEA, wanda yakan tashi in cutar ta motsa. Ya daɗe yana kwance. Ina cikin shekara ta biyu ya fara hawa. Hoton CT, wanda ke nuna cikin jiki, ya nuna tabo a hanta, fiye da ɗaya, da wani ƙarami a huhu. Ranar ban yi kuka ba, ban kuma iya tuƙa mota zuwa gida ba. Yayana na kira ya zo ya ɗauke ni.

Daga nan aka koma kan tsokar da aka cire min tun tiyatar farko, wadda ashe tana ajiye a cikin wani irin kaki a ɗakin gwaji. Aka duba ƙwayoyin gadon da aka saba dubawa. KRAS da NRAS lafiya, ba su gurɓata ba, alhali kusan rabin masu wannan ciwo suna da gurɓatar ɗayansu. BRAF, wadda gurɓatarta ke nuna cuta mai zafi, ita ma lafiya. Likitan da ke kula da ni a lokacin, ƙwararre a cutar daji, ya ce wannan labari ne mai daɗi, domin yana nufin zan iya shan cetuximab, maganin da ke toshe wani furotin mai suna EGFR wanda ke aika wa ƙari saƙon ya ci gaba da girma. Aka haɗa min shi da wani kemon. Fuskata da ƙirjina suka fito da ƙuraje jajaye masu ƙaiƙayi, gefen farcena ya tsage. Na jure, don an ce min sau da yawa ƙurajen alama ce ta magani yana aiki. Hoton da aka ɗauka bayan 'yan watanni ya nuna tabon hantar ya ƙaru.

Likitan ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya ce akwai gwaji ɗaya da yake so a ƙara, na wata ƙwayar gado da ake kira HER2. Da takardar ta fito, abu biyu ne a jikinta da na iya karantawa: lamba 3 da alamar tarawa a gabanta, sai kuma layin da ke cewa ƙwayar ta ninku. Ranar ganin likita da saura, takardar kuwa tana hannuna, waya ma tana hannuna.

Wannan tsakanin shi ne mafi muni a duk jinyata, ya fi kemo, ya fi tiyata. Na shiga intanet na rubuta sunan ƙwayar. Kusan duk abin da ya fito a kan kansar mama ne. Na karanta cewa a 1987 wani likita a Amurka, Dennis Slamon, da abokan aikinsa suka nuna matan da wannan ƙwaya ta ninku a ƙarinsu cutarsu ta fi saurin dawowa, kuma sun fi saurin rasuwa. Na ɗauki wannan na ɗora a kaina ɗungurungum. Na daina barci. Na zauna na rubuta bashin da ake bina da wanda nake bi, na rubuta lambobin sirrin asusuna na saka a ambulan. Uwargida ta ga ambulan ɗin, ba ta buɗe ba, ta mayar inda ta gan shi, amma daga ranar ta daina haɗa ido da ni. Na san cewa ajali na hannun Allah, ina faɗa da bakina, amma zuciyata ta riga ta yarda cewa takardar nan ta yanke min rana.

Da ranar ta zo, ban bari ya zauna ba na ce, "Likita, ku faɗa min gaskiya, saura wata nawa?" Ya tambaye ni abin da na karanta, na faɗa masa. Sai ya juyo da fuskar kwamfutarsa gare ni ya ce in matso.

Hoto ne mai baƙin fili, da wasu dunƙule-dunƙule masu launin shuɗi, kowanne cibiyar sel guda ce daga tsokata, sel kuwa su ne ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka zama jiki. A cikin kowane shuɗi akwai ɗigo kore da ɗigo ja. Koren, in ji shi, alamar kromosom na 17 ne, ɗaya daga cikin ƙunshin ƙwayoyin gado da ke cikin sel, inda HER2 take zaune. Jan kuwa ita ce HER2 ɗin. A sel mai lafiya kore biyu ake gani da ja biyu, ɗaya gadon uwa ɗaya gadon uba. Ya nuna min wani sel a gefe mai irin wannan lissafi, tsaf. Sannan ya kai linzamin kwamfutar tsakiyar ƙarin. Koren yana nan biyu ko uku, amma jan ya taru cunkus, ya haɗe har ba ya ƙirguwa. In jan ya ninka koren sau biyu ko fiye, sai a ce ƙwayar ta ninku. Nawa ya wuce nan nesa. Ya ce abin kamar mai kwafe littafi ne da ya zo shafi ɗaya ya maƙale, ya yi ta kwafar sa sau ashirin, sau talatin. Mai karatu kuma duk inda ya juya umarni ɗaya yake gani. Umarnin da ke wannan shafin shi ne a ƙera furotin ɗin da ke zama a bayan sel yana cewa a rabu, a yaɗu. Lamba 3 da na gani a takarda kuwa daga wani gwajin ne daban, na rini, wanda ke auna yawan furotin ɗin daga 0 zuwa 3.

Na ce to ai shi ke nan, abin da na karanta ke nan. Ya girgiza kai. Ya ce alama a jikin ƙari iri biyu ce, kuma mutane suna cakuɗa su. Akwai wadda ke nuna yadda cutar za ta tafi da mutum, ko da wane magani aka ba shi. Akwai kuma wadda ke nuna wane magani zai ci, wane ne ba zai ci ba. A kansar mama HER2 ta kasance duka biyun. A hanji labarin ya sha bamban. Mutum 3 zuwa 5 ne kawai cikin 100 masu cutar da ta yaɗu suke da wannan ninkuwa, galibinsu masu ƙari a ɓangaren hagu ko dubura, waɗanda KRAS ɗinsu take lafiya, wato irina. Binciken da aka yi a kan ko tana gajarta rai bai tsaya a magana ɗaya ba: wani ya ga cutar ta fi saurin dawowa, wani kuma, da aka yi a Birtaniya a kan marasa lafiya sama da 3,000, bai ga wani bambanci a tsawon rai ba. Abin da ya fi fitowa fili shi ne masu ita ba su cika amfana da cetuximab da ɗan'uwansa panitumumab ba, domin an toshe EGFR amma HER2 tana ci gaba da aika saƙon ta wata hanyar. Ya ce, "Malam, takardar nan ba ta faɗa min yaushe za ka mutu ba. Ta faɗa min dalilin da ya sa maganin da na ba ka bai yi aiki ba, ta kuma nuna min wanda zan gwada."

Na sha tunani a kan wannan daga baya, kuma ra'ayina shi ne bai kamata a miƙa wa mara lafiya irin wannan takarda a bakin taga ya tafi da ita gida ba tare da wani ya zauna da shi ba. Haka kuma ina ganin da an yi gwajin HER2 tun ranar da aka duba KRAS, da an hutar da ni watannin ƙuraje da ƙarin da ya samu filin girma. Ban riƙe likitana a zuci ba. A lokacin ba ko'ina ake haɗa gwajin da sauran ba, kuma shi ne dai ya yi tunanin a yi shi.

Tambayar da ta fi ci min rai na ajiye ta ƙarshe. Na ba shi labarin mahaifinmu, na ce yarana fa? Ya ce ninkuwar nan a cikin ƙarin kaɗai ta faru, ba a jinina take ba, ba na haifar ɗa da ita. Akwai nau'in kansar hanji da ake gada, mafi shahara shi ne wanda ake kira ciwon Lynch, kuma gwajin da aka yi wa tsokata bai nuna alamarsa ba. Amma duk wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa na jini ya kamu, haɗarinsa ya fi na sauran mutane, don haka ana so a fara leƙa hanjinsa yana da shekara 40, ko kuma shekara 10 kafin shekarun da ɗan'uwan ya kamu, duk wanda ya riga zuwa. Yarana ke nan tun suna 31. 'Yan'uwana kuwa lokacinsu ya riga ya yi.

Da na kai wa Yaya maganar sai ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ba mai zura masa roba. Na bi shi da lallashi, na bi shi da faɗa, a ƙarshe Inna ce ta kira shi ta ce, "Na binne ubanku ban san abin da ya kashe shi ba. Ka je." Ya je. An samu wani ɗan tsiro a bangon hanjinsa, aka cire shi nan take da wannan robar. Irin waɗannan tsiro su ne kan rikiɗe su zama ciwon daji, a hankali, sau da yawa cikin shekara 10 ko fiye. Ƙanwarmu ta je ba a ga komai ba. Ƙaraminmu har yanzu yana ce min sai ya samu sarari.

Maganin da aka koma ba ni shi ne trastuzumab, wanda aka fara amfani da shi a kan kansar mama tun 1998, haɗe da ƙwayar sha mai suna lapatinib. Likitan bai ɓoye min inda hujjar ta tsaya ba. Wani gwaji da aka yi a Italiya, aka wallafa a 2016, ya tantance mutum 914 kafin ya samu 48 masu wannan ninkuwa. An ba 27 daga cikinsu wannan haɗin, ƙarin mutum 8 ya ragu sosai. Mutum 8 cikin 27 ba adadi ba ne da za a yi guɗa a kai, amma waɗannan mutane ne da duk sauran magunguna suka riga suka gaza a kansu. Samun maganin ma wani yaƙi ne daban, mai tsada ne ƙwarai, kuma ba don 'yan'uwa da abokan aiki sun tsaya min ba da ban kai ko'ina ba. Wasu sun ba ni ba tare da na roƙa ba, wasu da na sa rai da su sun daina ɗaga wayata. Wannan babin na bar shi.

Lapatinib ya sa ni gudawa mai tsanani a farko, har aka rage min yawansa. Trastuzumab kuma yakan raunana tsokar zuciya a wasu mutane, shi ya sa duk wata uku ake kwantar da ni a shafa min wani mai sanyi a ƙirji a ɗauki hoton bugun zuciyata. Hoton CT na farko bayan an fara ya nuna tabon hanta ya ja baya, na huhu kuma da ƙyar ake ganinsa. CEA ya sauko. Uwargida ce ta karɓi takardar a hannun likita, ta karanta, ta sake karantawa, sannan ta ce, "Likita, Allah Ya saka da alheri," muryarta na rawa. Da muka koma gida ta ɗauko ambulan ɗin nan ta miƙo min ta ce in san inda zan kai shi. Ban yaga shi ba. Na gyara lissafin da ke ciki na mayar da shi aljihun tebur, ta kuma san inda yake.

Ban warke ba, kuma ba wanda ya ce min na warke. Irin wannan ƙari yakan koyi kauce wa magani, wani lokaci wata ƙwayar ce daban take ninkuwa ko ta gurɓata, sai maganin da ke ci jiya ya daina ci. A yawancin mutane amfanin watanni yake ɗauka, wasu ƙalilan sukan kai shekaru. Na tambayi likitana abin da zai biyo baya in hakan ta faru, don yanzu na fi son in ji daga bakinsa. Ya ce za a sake gwaji, ko a yanko sabuwar tsoka ko a nemi ɓurɓushin ƙwayoyin gadon ƙarin a jini, a ga ko HER2 tana nan yadda take. In tana nan, akwai tucatinib, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince a haɗa shi da trastuzumab don kansar hanji a watan Janairun 2023. Akwai kuma trastuzumab deruxtecan, wanda ke ɗauke da kemo a jikinsa ya kai shi cikin sel ɗin, sai dai yakan kumbura huhu a wasu, kuma ni da ma akwai tabo a nawa huhun, don haka sai an auna.

A yanzu ina zuwa aiki rabin yini. Ina shan ƙwayata da safe kafin in ci komai, duk mako uku kuma a ɗaura min ruwa. Babban ɗana ya fara tambayata abubuwan da ba ya tambaya a da, na kuma faɗa masa sunan ciwon da inda yake da shekarun da zai je a duba shi. Hotona na gaba wata mai zuwa ne, in Allah Ya kai mu, kuma na riga na gaya wa ƙaraminmu cewa shi zai raka ni, don in mun isa asibitin ba zai fita ba sai an rubuta masa ranar leƙa nasa hanjin.